Tashin Hankali Ko Taɓin Hankali? Yadda Aka Yi Jinyar Zukatan Waɗanda Suka Tsira Daga Girgizar Ƙasar Nepal

Ranar Asabar, 25 ga watan Afrilun 2015, saura 'yan mintuna sha biyun rana ta cika, ƙasa ta girgiza a Nepal, wata 'yar ƙasa da ke maƙale a jikin duwatsun Himalaya, tsakanin Indiya da Sin. Ƙarfin girgizar ya kai maki 7.8, cibiyarta kuma tana gundumar Gorka, arewa maso yamma da Katmandu, babban birnin ƙasar. Kafin ƙura ta lafa, mutane kusan 9,000 sun rasa rayukansu, fiye da 20,000 sun jikkata, gidaje sama da 500,000 kuma sun zube. Hasumiyar Darahara, wadda mutanen Katmandu ke alfahari da ita, ta faɗi tare da waɗanda suka hau ta shan iska. A can kan tudu kuwa, ƙanƙara da duwatsu suka gangaro suka binne ƙauyen Langtang kusan baki ɗaya. Allah Ya taƙaita abin ta wata fuska, domin Asabar ce ranar hutun mako a ƙasar, makarantu suna rufe. Da a ce ranar karatu ce, da yawan yaran da za a haƙo daga ƙarƙashin azuzuwa ya wuce misali.

Kwana 17 bayan haka, daidai lokacin da wasu suka fara samun ƙarfin halin komawa kwana a ɗaki, sai wata girgizar mai maki 7.3 ta sake afkawa a ranar 12 ga Mayu. Ta fuskar asarar rayuka ba ta kai ta farko ba, amma ta sanar da jama'a wani mugun abu, wato masifar ba ta wuce ba, kuma babu mahalukin da zai iya cewa ga ranar da za ta wuce. Ɗaruruwan ƙananan girgiza suka yi ta biyowa baya wata da watanni.

Firgitar da girgizar ƙasa ke bari a zuciya ta sha bamban da ta sauran masifu. Ambaliya tana da lokacinta, yaƙi yana da jita-jitarsa kafin ya iso gari, amma girgizar ƙasa ba ta sallama. Abin da ya fi muni shi ne, wurin da ɗan Adam ya saba gudu ya fake idan wani abu ya taso, wato ɗakinsa, shi ne ke rikiɗewa ya zama abin da ke kisa. Don haka sai ka ga mutum ya tsira ko ƙwarzane babu a jikinsa, amma ya kasa kwana ƙarƙashin rufi, ko babbar mota ta wuce ya zabura ya yi waje. Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To ina ga wanda ƙasar da yake takawa ce ta sare shi?

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa malamin nazarin harshe da wannan batu da ya fi kama da aikin likitoci? Abin da ya haɗa mu shi ne, wannan ciwo ba ya fitowa a hoton asibiti, ba a kuma ganinsa a gwajin jini. Da baki ake gano shi, kuma galibin maganinsa da baki ake yi. Likitan ƙashi yana iya ɗora karayar mutumin da bai san ko kalma ɗaya daga harshensa ba, aikin kuma ya yi kyau. Mai jinyar zuciya kuwa kayan aikinsa kalmomi ne, kuma idan kalmar farko da ya furta ta zubar da mutuncin wanda ya zo taimaka wa, to an rufe masa ƙofa ke nan, komai yawan takardun shaidar da ya zo da su.

Duniya ta sha wahala kafin ta gane haka. A shekarar 1980 ne likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da ciwon firgitar da kan biyo bayan masifa, wanda suke taƙaitawa da PTSD, cikin kundinsu na cututtuka, kuma halin da sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam suka shiga yana cikin manyan dalilan yin hakan. Sannu a hankali sai wannan suna ya zama shi ne abin da masu kai agaji ke nema a duk inda bala'i ya sauka. Lokacin da girgizar ƙarƙashin teku ta ranar 26 ga Disambar 2004 ta tayar da igiyar tsunami, ayarin masu ba da shawara daga ƙasashen Yamma sun kwarara zuwa Sirilanka, da yawansu ba su jin harshen Sinhala ko Tamil, ba su san addinin mutanen ba, ba su san yadda suke zaman makoki ba. Wasunsu suka riƙa tara mutane suna sa su ba da labarin abin da suka gani dalla-dalla a zama guda, alhali tun kafin lokacin bincike ya nuna cewa wannan dabara ba ta hana ciwon, wani lokacin ma tana ƙara shi. Ɗan jarida Ethan Watters ya ware babi guda a littafinsa na 2010 a kan wannan al'amari. Irin wannan kwamacala tana cikin abin da ya sa kwamitin da ke haɗa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan ƙungiyoyin jinƙai ya fitar da ƙa'idoji a 2007, waɗanda suka jaddada cewa a fara da abin da al'umma take da shi, kuma a guji cutarwa da sunan taimako.

Abin da aka gano a Nepal ya ƙara tabbatar da hikimar wannan taka-tsantsan. Wata huɗu bayan girgizar, wasu masu bincike suka zanta da mutum 513 a gundumomi uku da abin ya shafa, wato Katmandu da Gorka da Sindupalcok. Waɗanda alamunsu suka dace da PTSD ba su wuce kashi 5 cikin 100 da ɗan ɗoriya ba. Amma kusan mutum ɗaya cikin uku yana da alamun ciwon damuwa, haka nan kusan ɗaya cikin uku yana fama da fargaba, ɗaya cikin biyar yana shan barasa fiye da kima, ɗaya cikin goma kuma ya yi tunanin kashe kansa. Wato wanda ya sauka daga jirgi da takardar tambayoyin PTSD kaɗai a jakarsa, zai koma gida ya ba da rahoton cewa mutanen Nepal jarumai ne, alhali ya tsallake mafi yawan masu buƙatar taimako. Mutumin da gidansa ya rushe, bashi ya hau kansa, ga damina ta kawo jiki, ga 'ya'ya a cikin rumfar kwano, tunanin gobe ne ke hana shi barci fiye da tunanin jiya.

Wata sa'ar da Nepal ta yi ita ce, an riga an yi nazarin yadda mutanenta ke magana a kan ciwon zuci tun kafin masifar. Yaƙin basasar da ƙasar ta yi fama da shi daga 1996 zuwa 2006 ya sa masana, 'yan ƙasa da baƙi, sun daɗe suna wannan aiki, musamman ta hannun wata ƙungiyar cikin gida mai suna TPO Nepal da aka kafa a 2005. Fitacce a cikinsu shi ne Brandon Kohrt, likitan ƙwaƙwalwa kuma masanin al'adun ɗan Adam daga Amurka. A wani nazari da suka wallafa da Ian Harper a 2008, da wani da suka yi da Daniel Hruschka a 2010, sun nuna cewa mai jin harshen Nepali ba ya raba mutum gida biyu, jiki da tunani, kamar yadda Bature ke yi. Yana ganin sassa da dama. Akwai "jiu", wato gangar jiki. Akwai "man", wanda ke cikin ƙirji, kuma shi ne mazaunin so da ƙi da tsoro da baƙin ciki da tuna baya. Akwai "dimaag", wanda ke cikin kai, shi ne ke riƙe da linzamin mutum, yana hana shi aikata abin da jama'a za su ƙyamata. Akwai "saato", wani ruhi da ke iya ficewa daga jiki idan mutum ya razana. Sannan akwai "ijjat", wato mutunci, wanda na iyali ne baki ɗaya. Mai kunnen Larabci zai ji ƙamshin izza a wannan kalma ta ƙarshe, kuma bai yi kuskure ba, daga can ta samo asali, kamar yadda "dimaag" ma aron Larabci ce da ta biyo ta Farisanci.

Muhimmancin wannan rabe-rabe yana ga abin da kowane sashe ke jawo wa mai shi a idon jama'a. Idan mutum ya ce "man" ɗinsa na ciwo, babu abin kunya, kowa ya taɓa ji, kuma maƙwabta za su zauna su saurare shi. Idan kuwa aka ce "dimaag" ɗinsa ya lalace, to an kira shi mahaukaci ke nan, kuma abin ba ya tsayawa a kansa: 'yarsa na iya rasa miji, ƙanensa na iya rasa mata, "ijjat" ɗin gidan ya zube. Saboda haka ma'aikacin agajin da ya shiga ƙauye da kyakkyawar niyya, ya sa tafinta ya yi shela cewa an zo duba masu matsalar ƙwaƙwalwa, ya kori majinyatansa da bakinsa.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon sharhi kafin ya fahimci wannan. Mu ma a zuciya da ciki da rai muke ajiye abin da muke ji: zuciyata ta karye, gabana ya faɗi, raina ya ɓaci, ina cikin baƙin ciki. Babu wanda ke jin nauyin furta ɗaya daga cikin waɗannan a gaban surukinsa. Dubi kuma kalmar hankali. Tsakanin tashin hankali da taɓin hankali bambancin furuci ɗan kaɗan ne, amma a zamantakewa nisansu ya kai na sama da ƙasa. Mai tashin hankali ana yi masa jaje, ana tausarsa. Mai taɓin hankali ana ɓoye shi a ɗakin baya, masu bincike kafin aure kuma sukan bi diddigin danginsa har kakanni. Na sha gaya wa ɗalibaina a darasin ilimin ma'ana cewa ƙamus yana ba ka abin da kalma ke nufi ne kawai, ba ya ba ka abin da za ta jawo wa wanda aka jingina masa ita.

Masanan Nepal ba su tsaya ga lura kawai ba, sun auna. A wani bincike da aka wallafa a 2016, sun yi wa masu zuwa ƙananan asibitoci tambayoyi biyu masu sauƙi, sannan suka kwatanta amsoshin da sakamakon cikakken gwajin ƙwararru. Tambayar ko mutum yana da matsalar "man" ta kamo fiye da tara cikin goma na waɗanda aka tabbatar suna da ciwon damuwa. Tambayar ko yana da matsalar "dimaag" ba ta kamo ko rabinsu ba. Sai dai tambayar farko tana da nata aibin, domin ta kan kwaso har da ɗimbin mutanen da damuwarsu ba ta kai matsayin ciwo ba. Shi ya sa aka mayar da ita ƙofar shiga: wanda ya amsa da e, sai a bi shi da sauran tambayoyin tantancewa. Wannan mataki yana da matuƙar amfani a ƙasar da a lokacin likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 200 ba ga mutum kimanin miliyan 28, kuma galibinsu suna zaune a manyan birane.

Wannan ƙarancin ƙwararru shi ya sa dole a nemi maganin da wanda ba likita ba zai iya bayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da irinsa a 2016, wanda ta sa wa suna PM+, bayan an gwada shi a Peshawar ta Pakistan da kuma Nairobi ta Kenya. Zama biyar ne, sau ɗaya a mako, ana koya wa mutum abubuwa huɗu. Na farko, yadda zai sassauta numfashinsa idan fargaba ta taso. Na biyu, yadda zai tsinke matsalolinsa, ya ware waɗanda yake da iko a kansu, ya zaɓi guda ya fara da ita. Na uku, yadda zai koma ga ayyukan da ya daina saboda mutuwar jiki, ko da kaɗan-kaɗan ne. Na huɗu, yadda zai sake ƙulla hulɗa da mutanen da za su tallafe shi. Babu wurin da ake tilasta masa ya maimaita labarin ranar da abin ya faru.

Da aka kawo shirin Nepal, sai aka fara gwada shi a rukuni-rukuni a gundumar Sinduli, ɗaya daga cikin waɗanda girgizar ta yi wa ɓarna. An sa masa suna "Khulla Man", wato buɗaɗɗiyar zuciya. An kauce wa duk kalmar da ke nuni ga "dimaag". An yi amfani da "man" da kuma wata kalmar aro daga Turanci, "tenshan", wadda ta riga ta zama 'yar gida a bakin mutanen ƙasar, manoma da 'yan boko, kuma ba ta ɗauke da wani tabo. A nan akwai abin lura ga masu tsattsauran ra'ayin tsarkake harshe a cikinmu: kalmar da ta dace da al'ada ita ce wadda mutane ke furtawa a kasuwa, ko da ta aro ce, ba lallai sai wadda masana suka tono daga tsofaffin littattafai ba. An raba rukunin maza da na mata, kowanne da mai jagoranta na jinsinsa, kuma masu jagorancin 'yan yankin ne da aka ba horon 'yan makonni, ba su taɓa karatun likita ba. Labaran misali da hotunan da ake koyarwa da su an sake su, suka yi kama da rayuwar ƙauyen Nepal. Amma waɗancan dabaru huɗu ba a taɓa su ba.

Daga baya an yi babban gwaji a gundumar Morang da ke gabashin ƙasar, yankin da ambaliya ta saba addaba, da mutum 611 daga unguwanni 72, aka kuma wallafa sakamakon a 2021. Wata uku bayan kammala zaman, kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka shiga shirin alamun ciwon damuwarsu sun ragu da fiye da rabi, idan aka kwatanta da kashi 17 na waɗanda ba su shiga ba. Da aka sake yi musu waccan tambaya ta "man", kimanin kashi 59 na masu shirin suka ce har yanzu da sauran matsala, a ɗaya ɓangaren kuma kimanin kashi 69. Ina ganin wajibi ne a faɗi waɗannan alƙaluma yadda suke. Amfanin na gaskiya ne, amma matsakaici ne, kuma kusan mutum shida cikin goma sun fita da sauran nauyi a ƙirji. Zama biyar ba ya gina gidan da ya rushe, ba ya biyan bashi, ba ya dawo da ɗan da ya tafi ƙwadago Ƙatar ko Malesiya. Duk wanda ya tallata irin wannan shiri a matsayin madadin matsuguni da abinci, yaudara yake yi.

Kada kuma a ɗauka daidaita magani da al'ada ya tsaya ga sauya kalmomi. Abin da ya faru a Turkiyya ya nuna wata fuskar. Girgizar ranar 17 ga Agustan 1999 a yankin Izmit, wadda ta afka da misalin ƙarfe uku na dare, ta kashe fiye da mutum 17,000. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar, Metin Başoğlu, da abokan aikinsa, ciki har da Ebru Şalcıoğlu, suka tarar cewa tsarin da aka saba da shi a Turai, na zama goma ko fiye ana warware tunanin majinyaci ɗaya bayan ɗaya, ba zai yiwu ba ga dubban mutanen da ke zaune a tantuna, waɗanda yau suna nan gobe sun tashi. Sai suka duba abin da mutanen ke gudu a zahiri: shiga gini, kwana cikin duhu, zama a gida su kaɗai, tuɓe tufafi kafin barci, har da yin wanka, saboda tsoron kada girgiza ta same su tsirara. Wannan na ƙarshe duk mai kunya zai gane nauyinsa. Maganin da suka tsara shi ne a bayyana wa mutum yadda gudun abin tsoro ke ciyar da tsoron, sannan a ba shi aikin tunkarar abubuwan da yake gudu, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, har ya ji linzamin ya dawo hannunsa. Sun nuna a gwaje-gwajen da suka wallafa a 2005 da 2007 cewa ko zama guda yana iya yin tasiri sosai. A na biyun har da wani ɗan ɗaki da aka ɗora a kan inji mai kwaikwayon girgiza, majinyacin ne da kansa ke riƙe da maɓallin kunnawa da kashewa da ƙara ƙarfi.

Idan aka haɗa Nepal da Turkiyya, abin da nake gani shi ne akwai ƙashin magani, akwai kuma tufafinsa. Ƙashin, wato tunkarar abin tsoro, da komawa aiki, da jingina ga jama'a, da jin cewa mutum yana da iko a kan wani abu, bai cika bambanta daga wata ƙasa zuwa wata ba. Sunan da za a kira ciwon, da wanda zai yi magana, da inda za a zauna, da yawan zaman, da misalan da za a kawo, waɗannan dole a ɗinka su daidai da mai sawa. Tun a 1995 masanin halayyar ɗan Adam Guillermo Bernal da abokan aikinsa suka jera fuskoki takwas da ya kamata a duba wajen irin wannan aiki, kuma harshe suka sa a farko. Ina jin daɗin hakan, ba don son kai na sana'a kaɗai ba.

Sai dai akwai wani kuskuren da 'yan boko irinmu kan faɗa ciki idan muna sukar Turawa, wato mu mayar da al'ada kamar ba ta da aibi. Nazarin Kohrt da Hruschka ya nuna cewa mutane da yawa a Nepal suna danganta masifa da "karma", wato sakamakon abin da mutum ya aikata a wata rayuwa da suka yi imani ta gabata. Ma'anar haka ita ce wanda gini ya faɗa wa iyalinsa yana iya ɗaukar kansa mai laifi, maƙwabta ma su ɗauke shi haka, har wasu iyalai su ƙi neman taimako don kada a san asirinsu. Ga kuma halin da matan da mazansu suka mutu ke shiga a tsakanin mabiya addinin Hindu masu riƙon gargajiya, ga wariyar da ake nuna wa 'yan ajin da ake kira Dalit. Mai jinyar da ya ce zai bi al'ada sau da ƙafa zai ƙare yana taya ta danne waɗanda ta riga ta danne. Aikinsa shi ne ya san wace igiya ce a cikin al'adar za ta ɗaga majinyaci, wace ce za ta shaƙe shi. Musulmi ma ya san tazarar da ke tsakanin a ce wa wanda masifa ta samu jarrabawa ce, ka yi haƙuri, da a ce masa zunubinku ne ya jawo muku. Duka biyun da harshen addini ake faɗarsu, amma ɗaya tana ɗaga mutum, ɗaya tana ƙara binne shi.

Batun "saato" ya fi wannan sarƙaƙiya. Idan yaro ya razana ya daina cin abinci, yana firgita cikin barci, iyaye kan ce ruhinsa ya fice, su kai shi wurin masu maganin gargajiya da ake kira "dhami-jhankri" domin a kira ruhin ya dawo. Masu hikima daga cikin ma'aikatan lafiya ba sa faɗa da wannan, domin al'adar tana tara dangi a kan yaron, tana ba iyaye abin yi, kuma ba ta ɗora wa kowa laifi. Abin da suke nema shi ne, idan an yi kuma yaron bai samu sauƙi ba, a kawo shi. Amma a dubi abin da zai faru idan wani ya kwafi wannan dabara ya kawo ta ƙasar Hausa, ya fassara "saato" da kurwa. A tunanin Bahaushen gargajiya kurwa ba ta tafiya da kanta, kama ta ake yi, kuma da zarar an ce an kama kurwar yaro, tambaya ta gaba ita ce wane maye ne. Kafin a farga an nuna wata tsohuwa da yatsa. Kalmomi biyu da ƙamus zai jera a layi ɗaya, ɗaya tana kwantar da unguwa, ɗaya tana iya kunna mata wuta.

Ko a cikin Nepal ɗin ma ba a gama ba. Ƙidayar 2011 ta lissafa harsuna 123 a ƙasar, kuma waɗanda Nepali ne harshensu na uwa ba su kai rabin jama'a ba. Gundumomin kan tudu da suka fi shan wuya, kamar Sindupalcok, inda aka fi ko'ina asarar rayuka, da Rasuwa, cike suke da 'yan ƙabilar Tamang da makamantansu, waɗanda harsunansu 'yan uwan harshen Tibet ne, kuma da yawansu mabiya addinin Buddha ne. Littafin koyarwar da aka daidaita da Nepali, a wurin tsohuwar Tamang da ba ta taɓa shiga aji ba, har yanzu baƙo ne, sai dai baƙuncinsa ya ragu. Irin wannan tambayar ta taso a Maroko bayan girgizar ranar 8 ga Satumbar 2023, wadda ta kashe mutane kusan 3,000, galibinsu a ƙauyukan duwatsun Atlas inda harshen gida shi ne Tashelhit na Berber, alhali ƙwararrun ƙasar da Faransanci da Larabci aka horar da su.

Nijeriya ba ta kan layin manyan girgizar ƙasa, kuma motsin da ya tsorata mazauna Mpape a Abuja cikin Satumbar 2018 bai rushe gari ba. Amma wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, yana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya, kafin daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Kuma tunda babban gwajin Nepal a yankin ambaliya aka yi shi, wanda ya ga abin da ɓallewar madatsar ruwan Alau ta yi wa Maiduguri a Satumbar 2024, a kan mutanen da dama can sun sha fama da shekarun rikici, ba zai ce batun bai shafe mu ba. Abin da Nepal ta fi mu da shi shi ne ta shiga masifarta da nazarin kalmominta a hannu. Aikin zama da tsofaffi da ungozomai da malaman zaure da masu sayar da magani, a ji yadda Bahaushe da Babarbare da Bafulatani ke kiran abin da ke damunsu, a tantance wace kalma ce ke da tabo, wace ce ba ta da shi, aiki ne na shekaru, kuma na sassan nazarin harsuna ne tare da na likitanci. Ba a fara shi ranar da ruwa ya ci gari.

Wasu shekaru da suka wuce wata ƙungiyar agaji ta aiko mini da takardar tambayoyi da aka fassara zuwa Hausa, wai in duba musu ƙa'idar rubutu. Ƙa'idar ba ta da laifi sosai, ƙugiyoyi kaɗan ne suka faɗi. Amma layin farko yana tambayar mutum ko yana da matsalar ƙwaƙwalwa, wani layin kuma yana tambayarsa ko yana jin kansa a ƙasa, wanda na tabbata dattijon ƙauye zai amsa da cewa ai a kan tabarma yake. Na rubuta musu cewa su fara da tambayar ko yawan tunani yana hana shi barci, ko gabansa na yawan faɗuwa, ko akwai abin da a da yake jin daɗin yi amma yanzu ya fita daga ransa, kuma su gwada tambayoyin a kan mutum ashirin ko talatin kafin su fita da su. Suka yi godiya ƙwarai, suka ce za su gyara ƙugiyoyin a bugu na gaba, amma tambayoyin ba su da ikon taɓa su, domin daga hedikwata aka aiko da su, kuma ma'aikatansu sun riga sun shiga sansani da kwafin farko tun makon da ya wuce.